Jinin Ne, In Ji Su

Talata, 22 ga Afrilu, 2025. Kazaure

An kawo Inna daga Gwiwa da hantsi, a motar kasuwa. Ƙanina na riƙe da ita, tana fizge hannu. Jiri tun shekaranjiya, ƙeya na sara. A asibiti awon jini 178/104. Nas ta kwance abin ta ɗaura a ɗaya hannun, kusan haka dai. Likita ya yi tambayoyi: ido na dishi-dishi? Ƙirji na ciwo? Harshe ya yi nauyi? Babu ko ɗaya. Amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum. Gwajin fitsari da na ƙoda. A dawo bayan mako biyu.

A hanyar gida ta wanke mai a-daidaita tas kan canjin naira hamsin. Inna fa. Wadda ko kaza ba ta kora da tsawa. Ƙanina ya raɗa mini: jinin ne, Yaya, kowa a gida ya sha nasa rabon.

Laraba, 23

Na sayo na'urar awo a wani kemis a Kanti, mai batir, ta damtse. Kuɗin ɗinkin Babbar Sallah ne suka tafi. Littafi mai layi, na ja gida huɗu: rana, awon safe, awon dare, hali. Gidan ƙarshe ba likita ne ya sa ba, nawa ne. So nake in gani da idona ko faɗan yana bin lambar.

Ƙa'idar awo: zama na minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba goro ko shayi rabin awa kafin nan. Inna ba ta san kujera ba, tabarma ta sani. Sai da lallashi.

Safe 170/100. Hali: shiru, fuska a ɗaure.

Alhamis, 24

Na zazzage jakarta. Rabin katin Aldomet. Diclofenac na ciwon gaɓɓai, kati uku. Goro a jiƙaƙƙen tsumma. Ƙullin kanwa.

“Inna, wannan yaushe kike sha?”

“In na ji ya tashi.”

“Da me kike ganewa?”

“Ke ma dai. In raina ya ɓaci mana.”

Ashe shekaru haka take yi. Ran faɗa a sha, ran lafiya a ajiye.

Na kira 'yar Kawu, nas ce a Asibitin Malam Aminu Kano. Ta ce diclofenac da ibuprofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, su ɗaga jini, su wahalar da ƙoda. Aldomet tsohon magani ne, yanzu masu ciki aka fi ba, yana sa kasala da barci, wasu har ya sa musu ƙunci. Kada a haɗa shi da sabon, a kai wa likita ya gani. Ta ƙara da abin da ya tsaya mini a rai: mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai a jikinsu. Mutum na dariya, jinin na sama.

Na kwashe duka na kulle a durowa. Har goron.

Juma'a, 25

Zafi. Ba wuta tun daren jiya. Ruwan randa kamar an ɗora a murhu. Ta yi wa yara tsawa kan buta, kan ƙofa, kan rediyo. Kai na ciwo, in ji ta.

Dare 166/98.

Asabar, 26

Goggo daga Roni, ta biyo ta Amaryawa ta sauke wani saƙo. Tafarnuwa, zoɓo a leda, rubutu a gora. Ba ta gama zama ba ta yanke hukunci: haƙuri ne ya kwantar da Inna. Shekara da shekaru tana haɗiye magana, an yi mata kishiya ba ta ce uffan ba, to ga shi ya fito ta jini. Ta juya wurin Inna: ki ƙara haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Inna ta ce, “Dutsen kam na dafa. Romon ne har yau ban gani ba.”

Goggo ta kalle ni, ta yi mini alama da ido. Jinin ne.

Da dare na yi ta lalube a waya. Ashe maganar Goggo ta daɗe a bakin likitoci ma. A 1939 wani likitan ƙwaƙwalwa a Shikago, Franz Alexander, ya rubuta cewa fushin da aka danne shi ke zama hawan jini. An shekara da yawa ana bin sawun wannan magana. Abin da ya tabbata: fushi na ɗaga jini nan take, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke, daga baya ya sauka. Damuwa mai tsawo tana ba da nata kason. Amma ba ita kaɗai ba: shekaru, gado, gishiri, ƙiba, ƙoda. Kakarmu ta wajen Inna shanyewar ɓarin jiki ce ajalinta, ita kuwa ba ta taɓa zama da kishiya ba.

Goggo ta ƙi a auna ta. Wai ba ta neman wa kanta ciwo.

Lahadi, 27

Rana mai daɗi. Ta yi wa auta kitso, ta ba su tatsuniya da rana tsaka, har da kwaikwayon muryar kura. Na yi saurin ɗauko na'ura ina murna.

172/98.

Na sake. 170/99. Na rubuta a gidan hali: raha. Na daɗe ina kallon layin.

Litinin, 28

Miyar kuka, gishiri ɗan ƙanƙani, dunƙule ɗaya maimakon huɗu, na ƙara daddawa da citta da albasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke ɓoye a dunƙule, a burodi, a yaji. Kanwa ma dangin gishiri ce a wajen jini. Ɗanwake da kunun kanwa sun tafi hutu.

Loma ɗaya ta ture kwanon. “Ke 'yar nan, ruwan wanka kika zuba wa tuwon?” Da ƙarfi, Abban yara na tsakar gida yana ji. Ita da ko tari ba ta yi in surukinta na kusa.

Na auna tana huci: 184/102. Bayan rabin awa, tana jan carbi: 161/95. Wannan kam na gani. Faɗa ya ɗaga jini. Ko jini na ɗaga faɗa, ban gani ba tukuna.

Talata, 29

Goro! 'Yar Kawu ta yi mini dariya a waya. Wanda ya shekara talatin yana cin goro aka yanke masa rana ɗaya, dole kai ya yi ciwo, dole ya yi saurin fushi, na wasu kwanaki. Sinadarin da ke cikin gahawa shi ne a goro. Ta ce a rage a hankali. Ɓari ɗaya bayan awon safe.

Na miƙa mata. Ba ta ce komai ba. Ta ɓantara, ta adana sauran.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutu. 'Yan dubiya tun safe. Kowa da labarinsa: ciwon nan shi ya ɗauke wance a Korayel tana cikin alwala, shi ya karkata bakin wane. Sannan a rufe da “kada ki sa damuwa a ranki.” An hana yara gudu. An hana a gaya mata rasuwar wata ƙawarta, ta kuwa ji a bakin mai tallan awara.

Na ci karo da wani tsohon bincike na Kanada, 1978, a kan ma'aikatan wata masana'antar ƙarfe a Hamilton. Waɗanda ba su san suna da hawan jini ba, da aka gaya musu, fashin aikinsu saboda rashin lafiya ya ƙaru sosai a shekarar da ta biyo. Jinin bai canja ba. Sani ne ya shigo.

Inna ta san nata tun tuni. Amma yanzu ne aka mayar da ita majiyyaciya, ana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Dare 158/94. Hali: ta juya wa bango fuska.

Juma'a, 2

Ƙarfe biyun dare na same ta zaune a bakin gado, mafici a hannu, zufa sharkaf. Kowa na kwana a tsakar gida, ita tana ɗaki ƙofa a rufe. Ba za ta kwanta a fili ɗaya da suruki ba. Tun zuwanta ke nan ba ta yi barcin kirki ba, ni kuma ina ta cika gidan hali.

Na yi wa Abban yara magana. Ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure, ko a jikinsa.

Asabar, 3

Ta yi barci har rana ta fito, da minshari mai yankewa, shiru, sai ta ja numfashi da ƙarfi. Na rubuta don in gaya wa likita. An ce irin wannan minsharin yana tafiya da hawan jini, yana kuma hana mutum hutawa ko ya kwana kwance.

Yau ba tsawa ko ɗaya. 156/92.

Lahadi, 4

Da wasa na ɗaura wa Abban yara. Mutumin da tun aurenmu ban ji ya ɗaga murya ba. 152/96. Ya ce batir ne. Aka canja batir. 150/95.

Ya yi shiru, ya ce kada Inna ta ji. Zai je asibiti, in ji shi. Na buɗe masa shafi a bayan littafin. Gidan hali ban ja masa ba, me zan rubuta.

Litinin, 5

Baba ya kira. Gaisuwa, ya jiki, da sauƙi. Sai ta ce, murya a kwance, “Malam, kuɗin tumakina uku da aka sayar bara aka sayi taki, har yau ban ji bayani ba.” Shiru a wayar. Ya ce a ba ni.

“Ki yi ta haƙuri da ita. Jinin ne ke sa ta.”

Na ce to, Baba.

Na auna ta bayan isha'i. 146/88. Mafi ƙanƙanta tun zuwanta.

Tumakin nan na san su. Ita ta yi kiwonsu da dusa da harawar da take saye da kuɗin ƙuli-ƙuli.

Talata, 6

Asibiti. Layi tun bakwai, mun ga likita bayan azahar. Ƙoda lafiya, alhamdu lillahi, ba suga. A gabansa 160/94, ya duba littafina ya ce na gida ya fi gaya masa gaskiya, mutane da yawa jininsu na hawa da ganin farar riga. Abin da ake nema: ƙasa da 140/90. Ya ƙara amlodipine zuwa miligiram 10. Aldomet a bar shi. Na gaɓɓai, farasitamol. Minsharin a sa ido, in ya ci gaba sai Kano.

Ya tsaya a gidan hali, ya yi murmushi. Na tambaye shi kai tsaye. Ya ce shi bai san hawan jini da sa mutum faɗa ba, irin na yau ya hau yau a yi rigima. Amma in ya shekara ba a kula ba, yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma wannan kan canja hali: mantuwa, mutuwar zuciya, kuka ba dalili, nauyin tunani. In kuwa ya kai 180/120 tare da ruɗewa, ko matsanancin ciwon kai, ko ganin dishi-dishi, ko ciwon ƙirji, ko hannu ya saki, a kawo ta ko tsakar dare ne.

Na fito da sabon tsoro. Da ina cewa jini ko ba jini ba. Yanzu ƙwaƙwalwa.

Laraba, 7

Na gwada ta a fakaice. Yau wace rana, me muka ci jiya, sunayen jikoki. Ta gane.

“Jarrabawa kike mini?” Sai ta jero mini duk wanda take bi bashi daga Gwiwa har Babura, da kwano da sisi, da shekarar da aka karɓa, da wanda ya tsaya shaida. Ta rufe da tumaki.

Ƙwaƙwalwar nan ba abin da ya taɓa ta. Yau dai.

Juma'a, 9

Hadari ya haɗo ta gabas bayan la'asar, iska, ƙura, kwano na ƙara. Ko ɗigo. Ta tsaya a ƙofa tana kallo, hankalinta na gona. An yi sharar tata ko ba a yi ba, ba wanda ya ce.

Asabar, 10

Ƙanina daga Babura, da galan. Wani mai magani ne daga tsallaken iyaka, a sha kwana bakwai a rabu da hawan jini har abada, sharaɗi a ajiye na asibiti. Mun yi sa-in-sa a zaure. Na ce zoɓo ba suga ta sha, an gwada shi, yana ɗan ragewa, ɗan kaɗan. Abin da ba a san me ke ciki ba, ƙodarta ba wurin gwaji ba ce. Kuma wannan ciwo ba a rabuwa da shi, riƙe shi ake yi. Ya ce boko ya ɓata ni. Na ce galan ba zai kwana a gidan nan ba.

Inna daga ɗaki: “Ku biyun nan a auna ku.”

Ni 128/80, ina rawar jiki don haushi. Shi ya ƙi.

Lahadi, 11

Bayan kowa ya yi barci ta kira ni. Ba suna, ba ta taɓa faɗa ba, ni ce ta fari. “Ke.”

Ta ce ba mutuwa take tsoro ba, kwanciya. Ita ta yi jinyar tsohuwarta, shekara biyu, ana juya ta, ido na magana baki ya ƙi. Ran da mai kemis ya fara ce mata jininta ya hau sosai, a watan azumi, abin da ya faɗo mata ke nan. “Na ce kafin bakina ya karkace, duk abin da ke cikina sai na faɗe shi. In ya so a ce na haukace.”

Na ce ba wanda ya ce haka, Inna.

“Cewa suke jini ne. Duk ɗaya.”

Ban auna ba. Gidan dare na yau fanko.

Talata, 13

Idon sawu ya kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Gabana ya faɗi, ƙoda. 'Yar Kawu ta ce amlodipine ne, sananne ne, ya fi yawa a 10, ga zafi. A ɗaga ƙafa, a gaya wa likita, kada a daina. Wataƙila ya rage shi ya haɗa da wani. Ta ce akwai gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka shida, Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, aka buga a 2019: haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. To.

Safe 142/86. Inna ta ce tun da jinin ya sauka jikinta ya mutu, da can ta fi jin ƙarfi. Ta tambaya ko za a huta da ƙwayar kwana biyu. A'a.

Laraba, 14

Maganarta ta jiya ta hana ni sakat. Na samu wani bincike na 2023, masana a Laifzig ta Jamus, da bayanan dubban ɗaruruwan mutanen Birtaniya. Abin mamaki: waɗanda lambarsu ta sama ta ɗan fi hawa sun ɗan fi ba da rahoton jin daɗin rai, alamun ƙunci sun ɗan ragu. Amma waɗanda aka riga aka ce suna da ciwon, da waɗanda ke kan hanyar kamuwa, ransu ya fi ƙunci. Bambancin ƙarami ne. Masu binciken sun yi hasashen ko shi ya sa wasu ke ajiye magani.

Turawa ne, ba matan Gwiwa ba. Duk da haka ya rikita mini lissafi. Na zaci in ma akwai alaƙa, hanya ɗaya za ta bi.

Na bi littafin daga farko. Ranakun tsawa: ba barci, ba goro, miya lami, 'yan dubiya. Ranakun lamba mai tsawo: ko'ina, har ran tatsuniya. Maganar tumaki ba ta cikin ko wanne.

Alhamis, 15

Da yamma muka taka zuwa bakin dam, a hankali, likita ya ce tafiya. Ta tsaya tana kallon masu ban-ruwa. Ta yi ciniki da mai tumatir, ta rage masa kusan rabi, suna dariya su biyu.

138/86. Karon farko a ƙasa da layi. Na yi hamdala a ɓoye. Ita ko oho.

Asabar, 17

Ranar hawan jini ta duniya, in ji waya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023: manya kusan biliyan 1.3, kusan rabi ba su san suna da shi ba. Ɗaya daga cikinsu yana zaure yana sauraron labarai. Har yau bai je ba.

Safe 147/90. Ya sake hawa. Ban san dalili ba, ba abin da ya faru.

Lahadi, 18

Baba da kansa, ba sanarwa. Shuka ta matso, gida ba kowa, ya zo tafiya da ita. Suka zauna a ɗaki, labule a sake. Na kwashe yara muka koma kicin. Muryarta kawai nake ji, ƙasa-ƙasa, ba tsayawa, har aka kira la'asar. Tasa ban ji ba.

Ya fito bai kalle ni ba. A zaure ya tambayi Abban yara nawa tunkiya take yanzu, Sallah ta matso. Da ya ji, ya yi salati.

Bai ce jinin ne ba. Bai ce komai ba.

Dare 144/88. Hali: na bar wurin.

Litinin, 19

Ba ta bi shi ba. Sai an ga likita gobe, in ji ta, sannan ta ga abin da ya dace. Ya tafi da motar safe.

Abin yi: ƙwaya ta wata guda kafin ta koma, a duba kuɗi. Wa zai riƙa auna ta a Gwiwa, ƙanina na Babura, amarya ba ta karatu, kuma Inna ba za ta miƙa mata hannu ba. A tambayi asibitin garin ko za ta riƙa zuwa duk mako. Maganar ƙafa. Maganar minshari. Tukunya ɗaya ake yi a gidan, wa zai rage gishiri saboda mutum ɗaya.

Abban yara ya ce zai raka mu gobe, ya yanki kati. Na ji dai.